Sabon Kiɗa a Zamanin Ambaliya: Wa Ke Zaɓar Mana Abin Da Za Mu Ji?

Tun daga ranar 10 ga Yulin 2015 masu harkar kiɗa a duniya suka tsayar da Juma'a ta zama ranar fitar da sababbin waƙoƙi. Kafin nan kowace ƙasa da ranarta: Birtaniya da Faransa Litinin, Amurka Talata, Japan Laraba. Masu satar fasaha ne suka tilasta haɗa kan, domin faifan da ya fito a wata ƙasa yau, kafin ya isa kantunan wata ƙasar ya riga ya gama zaga intanet kyauta. Yanzu da zarar daren Alhamis ya raba, sai waƙoƙi su kwararo. Kamfanin Luminate, mai ƙididdigar kasuwar kiɗa, ya nuna cewa a 'yan shekarun nan ana ɗora wa manhajojin sauraro kimanin waƙoƙi dubu 100 a kowace rana. In an ce kowace waƙa minti uku ce, mutum zai shafe fiye da wata shida, ba barci ba hutu, kafin ya gama jin abin da aka ɗora a yini guda. Ƙididdigar kamfanin ta 2023 ta ƙara da cewa waƙoƙi sama da miliyan 45 da ke jibge a waɗannan manhajoji ba a samu ko mutum ɗaya da ya kunna su ba a tsawon shekarar.

Wannan ambaliya ba ta cika damun manyan taurari ba. Wanda ke ƙarƙashin Universal ko Sony ko Warner, kamfanoni ukun da ke riƙe da wajen kashi biyu bisa uku na kasuwar, yana da masu talla, da allunan bakin titi, da wanda zai buga waya a sa waƙarsa a saman jeri. Waɗanda ruwan ke ci su ne masu cin gashin kansu, wato 'yan indi, da masu haɗa kiɗa da na'ura: matashin da ya kwana a ɗaki shi da kwamfutarsa, ko abokai huɗu da suka yi karo-karo suka biya kuɗin sutudiyo. Su kuwa a hannunsu sabon abu ya fi fitowa, tunda ba su da ubangidan da zai ce musu kasuwa ba za ta karɓa ba. To mai son irin wannan kiɗa, ta wace hanya zai kai ga na ƙwarai a cikin wannan tari, kuma wa zai amince wa ya yi masa tankaɗe da rairaya?

A da can matsalar ta ƙaranci ce. Buga faifai aiki ne mai tsada, rarraba shi ya fi tsada, shi ya sa sai wanda babban kamfani ya ɗauka ake ji. A watan Janairun 1977 wasu samari a Manchester, masu suna Buzzcocks, suka ranci fam 500 wurin 'yan uwa da abokai, suka buga ƙaramin faifai mai waƙa huɗu, Spiral Scratch, kwafi dubu ɗaya, da sunan kamfanin da suka ƙirƙira da kansu. Ya ƙare, aka yi ta sake bugawa har aka sayar da wajen dubu 16. Abin da ya nuna wa matasan Ingila ya fi waƙoƙin cikinsa tasiri: ashe ana iya yi ba tare da an durƙusa wa kowa ba. Shekara guda kafin nan Geoff Travis ya buɗe kantin faifai na Rough Trade a yammacin Landan, kantin da ya zama matattara. Mawaƙi kan shigo da kwali a hammata, a saka faifansa a ji nan take, in ya yi wa masu kanti sai su karɓa, su kuma aika wa takwarorinsu a sauran garuruwa. Zuwa 1980 harkar ta kankama har an fara buga jadawalin cinikin ƙananan kamfanoni daban.

Amma faifai a kanti bai wadatar ba, sai an samu mai kai shi kunnen jama'a. A Birtaniya wannan mutum shi ne John Peel, wanda ya yi shiri a BBC Radio 1 daga 1967 har rasuwarsa a 2004. Kaset-kaset kan zo masa buhu-buhu daga yaran da ba wanda ya san su, shi kuma ya zauna ya saurara. A shirinsa na dare za ka ji kiɗan jita mai hayaniya, ka ji rege daga Jamaika, ka ji makaɗan Zimbabuwe, ka ji kiɗan na'ura daga Jamus, duk a zama ɗaya. A 1978 waƙar wasu samari daga Derry ta Ireland ta Arewa, The Undertones, ta kama shi har ya saka ta sau biyu a jere, ba a jima ba wani kamfani ya ɗauke su. Ya sha ɗora faifai a kan gudun da ba nasa ba, masu sauraro kuma ba su riƙe shi da wannan ba. Da yawansu ba sa son rabin abin da yake sakawa, amma ba sa kashe rediyon, saboda sun tabbata son abin ne ya sa ya saka, ba wani ne ya cusa masa kuɗi a aljihu ba. Wannan amana ita ce jarin sana'ar baki ɗaya.

A ɓangaren kiɗan na'ura matsayin mai zaɓe ya ma fi haka girma, domin sau da yawa babu murya, babu fuskar mawaƙi, babu bidiyo, sai amo kawai. A Detroit ta Amurka, a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, akwai wani mai shirin dare da ake kira The Electrifying Mojo, wanda kan haɗa Kraftwerk na Jamus da Prince da Parliament a shiri ɗaya. Cikin masu sauraronsa akwai 'yan makaranta uku a garin Belleville, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, waɗanda daga baya suka aza tubalin kiɗan tekno.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Shikago. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da wata 'yar na'ura mai suna TB-303 a 1981, don ta riƙa yi wa masu kaɗa jita rakiya da amo mai kauri. Ba ta yi kasuwa ba, aka daina ƙera ta a 1984, ta koma kantunan gwanjo ana sayar da ita arha. Wasu samari uku masu kiran kansu Phuture suka samu guda, ba su ma iya sarrafa ta yadda aka tsara ba, suka yi ta murɗa maɓallanta har ta fara fitar da wani sauti mai tsami, mai lanƙwasa, wanda ba a saba ji ba. Suka naɗa a kaset suka kai wa Ron Hardy, mai saka kiɗa a gidan rawa na Music Box. Yadda su da kansu suka sha ba da labari, da Hardy ya saka a karon farko mutane suka watse daga fili. Bai daddara ba. Can an jima ya sake sakawa, aka tsaya ana kallon-kallo. Ya ƙara a karo na uku. A karo na huɗu, dare ya yi nisa, gidan ya kaure da rawa. Kiɗan nan shi ne Acid Tracks, wanda ya fito a faifai a 1987, ya haifar da reshe sukutum na kiɗan haus, reshen da ya tsallaka teku ya mamaye Ingila a shekarar da ta biyo baya.

A nan duk maganar take. Abin da yake sabo da gaske, kunne kan ƙi shi da farko, don kunne ya fi sakewa da abin da ya saba. Sai an samu wani da ya riga kowa fahimta, ya yarda ya jingina sunansa da mutuncinsa a kai, ya dage har sauran su iso. Hardy ya yi kasadar korar jama'arsa sau uku a dare ɗaya saboda ya yarda da kunnensa.

Masu kantin faifai ma irin aikin da suka yi ke nan, sai dai su a tsanake. Ka shiga ka tarar da faya-fayai jere a akwatunan katako, da yawansu a farar riga, ba hoto ba suna, sai tambarin roba da aka buga a tsakiya ko 'yan haruffa da alƙalami. 'Yan ɗaruruwa ake bugawa a gwada kasuwa. Mai kanti ya tuna abin da ka saya makon jiya, sai ya zaro uku daga ƙarƙashin kanta ya miƙo maka. Ka koma gefe ka ɗora a garmaho, ka sauke allura a farko, ka ɗaga ka sauke a tsakiya, ka mayar da biyu ka biya ɗaya. Kantin Hard Wax da Mark Ernestus ya buɗe a Balin a 1989, shekarar da katangar birnin ta faɗi, ta wannan hanya ya zama gada tsakanin makaɗan Detroit da matasan Jamus. A Croydon, kudancin Landan, kantin Big Apple ne ya tara yaran da suka ƙirƙiro kiɗan dubstep a farkon shekarun 2000. Gidan rediyon Rinse FM, wanda tun 1994 yake watsa shiri ba lasisi daga rufin dogayen gidajen gabashin Landan, ya riƙa yaɗa shi, sannan a Janairun 2006 Mary Anne Hobbs ta tara makaɗan a shirinta na BBC Radio 1, duniya ta ji. Sai a 2010 Rinse ya samu lasisi.

Da intanet ta zo, ƙofofi suka yawaita. Mujallar Pitchfork, wadda Ryan Schreiber ya fara a tsakiyar shekarun 1990, ta yi ƙarfin da makinta kan ɗaga mawaƙi ko ya kayar da shi, maki 9.7 da ta ba kundin farko na Arcade Fire a 2004 ya fito da ƙungiyar daga Montreal zuwa idon duniya. Resident Advisor ta fara daga Sidni a 2001 tana bin kiɗan na'ura. MySpace, daga baya SoundCloud, suka ba kowa damar ɗora aikinsa ba tare da izinin kowa ba. Duk da haka, har lokacin mutum ne ke zaɓe, kana iya sanin sunansa, ka san inda ya karkata, ka yi masa musu.

Sauyin gaske ya zo ne da lissafin na'ura. Spotify, wanda ya fara aiki a Suwidin a 2008, ya shigo Nijeriya a 2021, ya ƙaddamar da Discover Weekly a 2015: waƙoƙi 30 kowace Litinin, an tsara su don kai kaɗai. A 2016 ya ƙara da Release Radar, mai kawo sababbin fitowa kowace Juma'a. Yadda abin ke aiki ba sihiri ba ne. Na'urar kan duba abin da ka saurara, ta nemo dubban mutanen da sauraronsu ya yi kama da naka, ta ga abin da suke ji wanda kai ba ka ji ba, ta miƙo maka. Takan kuma auna sautin kansa, saurinsa da ƙarfinsa da yanayinsa, ta karanta abin da ake rubutawa a kan mawaƙin. Sannan ta sa maka ido: wace ka tsallake, wace ka maimaita, wace ka ajiye.

Ba zan ce ba ta da amfani ba. Yaro a Gusau ko Maraɗi da ba shi da kantin faifai, ba shi da yayan da ya tara kaset, yau yana iya cin karo da makaɗi daga Aisland ko Ajantina cikin minti ɗaya, abin da da sai ɗan gata. Ƙananan mawaƙa da dama sun samu masu sauraro a ƙasashen da ba su taɓa takawa ba ta wannan hanya. Sai dai an gina ta ne don ka daɗe a manhajar, kada ka fita, kuma hanya mafi sauƙi ta riƙe mutum ita ce kada a ba shi abin da zai dame shi. Tamkar mai sayar da abinci ce da ta ga ka yaba miyar kuka ranar farko, daga nan kullum ka zo ita za ta zuba maka, in ta so canji ta ƙara yaji ko ta rage. Ga kuma ƙa'idar daƙiƙa 30: sai an saurari waƙa tsawon haka ake ƙirga ta a biya, wanda ya tsallake kafin nan kuwa na'ura ta rubuta cewa bai so ba. Acid Tracks ya kai wajen minti goma sha biyu, kuma masu jin farko gudu suka yi. Da a hannun lissafin na'ura ya faɗa, hukuncin karon farko ne zai zama na ƙarshe. Illar ba ta tsaya ga mai sauraro ba, ta shiga cikin sutudiyo: mawaƙa sun koyi gajarta shimfiɗa, su jefo amshi tun a daƙiƙun farko. Kiɗan na'ura kuwa yawancinsa a hankali yake hawa, yana bukatar wanda zai yi haƙuri da shi.

Akwai abin da ya fi wannan damuna, shi ne cewa mai sauraro bai san dalilin da ya sa aka kawo masa waƙa ba. A 2020 Spotify ya fito da tsarin Discovery Mode, inda mawaƙi ko kamfaninsa ke yarda a rage masa kashi 30 cikin ɗari na kuɗin wasu sauraro, a madadin na'ura ta riƙa tura waƙarsa gaba. Babu wata alama da ke nuna wa mai sauraro cewa wannan waƙa ta biya kuɗin hanya. Har wasu 'yan majalisar wakilan Amurka sai da suka rubuta wa kamfanin wasiƙar neman bayani a 2021. A littafinta Mood Machine na 2025, 'yar jarida Liz Pelly ta ba da rahoton wani shiri na cike jerin waƙoƙin hutu da na karatu da na barci da kiɗan da aka yi odarsa da arha daga kamfanonin kwangila, a ƙarƙashin sunayen da babu mawaƙan gaske a bayansu. Gurbin da ake cikewa haka, na masu kiɗan na'ura mai sanyi ne da 'yan jaz, waɗanda da ma a nan suke ɗan samun na cefane. Sai ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Deezer na Faransa ya sanar a Afrilun 2025 cewa kullum ana ɗora masa waƙoƙi sama da dubu 20 waɗanda na'ura ce ta yi su ɗungurungum, kafin shekarar ta ƙare adadin ya kai dubu 50. A tsakiyar shekarar wata ƙungiya mai suna The Velvet Sundown ta tara masu sauraro fiye da miliyan ɗaya a wata a Spotify, daga baya aka tabbatar babu mutum ko ɗaya a cikinta.

Kada a ɗauka ina wanke mutane ne. Cin hanci don a saka waƙa ya girmi kwamfuta: a 1959 aka fara tonon sililin masu shirin rediyo a Amurka, abin da ya ci Alan Freed, wanda ya yi suna wajen yaɗa kiɗan rok, a 1960 kuma aka gyara doka ta wajabta bayyana duk kuɗin da aka karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko mutum ne ko manhaja. Masu zaɓe na da kuma suna da nasu son kai. Mujallun indi sun daɗe suna zagaye a kan samari Turawa masu jita, mata da baƙaƙen fata suna bakin ƙofa, alhali haus da tekno a hannun baƙaƙen Shikago da Detroit aka haife su. Bambancin dai shi ne mutum yana da suna da fuska. In ya ci amana ana iya kama shi, in ya karkata ana iya barinsa a koma wurin wani.

Mu a wannan yanki muna da namu misalin, kuma ya isa a yi nazari a kai. A 2008 wani matashi Buzu daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da salon sutudiyon waƙoƙin Hausa na lokacin: gangar na'ura da muryar da aka tace da kwamfuta. Kundin bai fita ta hannun wani kamfani ba. Daga waya zuwa waya ya bi, ta bulutut da katin memori, har ya kai arewacin Mali. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tura waƙa a kasuwar waya ya san yadda abin yake: ka miƙa memori, ya soka a kwamfuta, ya tambaye ka irin wanda kake so, sannan ya ce bari ya ƙara maka wata sabuwa da ta shigo jiya, ka ji ta tukuna. Wannan mutum aikin mai kantin faifai na Balin yake yi, ko da bai taɓa jin labarinsa ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi daga wayoyin mutane a yankin Kidal, ya fitar da su a faifai a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones a ƙaramin kamfaninsa na Sahel Sounds, ya kuma bi sawun masu su don a biya su. Cikinsu akwai waƙar Mdou Moctar. Shekara goma bayan haka, a 2021, kundinsa Afrique Victime ya fito a Matador, ɗaya daga manyan kamfanonin indi na Amurka.

Sahel Sounds ne dai a 2013 ya sake fitar da kiɗan da Mamman Sani ya naɗa da ogan ɗin lantarki a Yamai a 1978, kiɗan da 'yan Nijar suka shekara da shekaru suna ji a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. A shekarar kuma ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, a faifan garmaho don masu saye a Turai da Amurka. Ita ma 2013 ɗin ce Luaka Bop na New York ya tattara ayyukan William Onyeabor na Inugu. Abin farin ciki ne, amma akwai abin dubawa. Mutanen Agadas da Yamai da Kano ba su jira wani ya nuna musu waɗannan makaɗa ba, sun riga sun san su. Abin da ya zo daga waje shi ne adanawa, da rubuta sunan mai aiki da shekarar da ya yi shi, da hanyar da kuɗi zai koma hannunsa. Tura-turar memori ta iya yaɗa waƙa, amma sau da yawa takan iso ba sunan mawaƙi, ba ko sisi da zai koma masa. Cewa sai daga waje za a zo ba doka ba ce: Nyege Nyege Tapes a Kampala ya ɗauki singeli, kiɗan unguwannin Darussalam mai gudun tsiya, ya kai shi manyan bukukuwan Turai daga nan cikin Afirka.

To mai neman sabon kiɗa yau, ina zai dosa? Shawarata ita ce ya bi mutane, ya bar na'ura a matsayin 'yar aike. Gidajen rediyon da mutum ke zaɓe da hannunsa ba su mutu ba, sun koma intanet ne. NTS, wanda Femi Adeyemi, ɗan Landan mai tushe a Nijeriya, ya kafa a 2011 a wata 'yar rumfa a unguwar Dalston, yana da ɗaruruwan masu shiri daga birane daban-daban, ba a tsara wa kowa abin da zai saka, kuma sauraro kyauta ne. Akwai KEXP a Seattle, akwai BBC 6 Music wanda aka so rufewa a 2010 masu sauraro suka tashi tsaye har aka fasa. Ka samu mai shiri biyu ko uku da kunnensu ya dace da naka, ka ƙara da ɗaya wanda yake yawan ba ka haushi, don a wurinsa za ka fi ƙaruwa.

In wani kiɗa ya kama ka a cikin shiri, kada ka tsaya a kansa, ka ja zaren. Duba jerin abin da aka saka ka samo sunan. Daga nan duba kamfanin da ya fitar, domin a wannan fage ƙaramin kamfani kunnen mutum ɗaya ne ko biyu. Wanda ya so abu ɗaya daga Warp da aka kafa a Sheffield ko Hyperdub na Landan ko Príncipe na Lisbon, da wuya ya rasa na biyu. Shiga Discogs, rumbun da Kevin Lewandowski ya fara a 2000 don kiɗan na'ura, ka ga wa ya haɗa, wa ya tace, da wane suna kuma yake fitar da wasu ayyukan, tunda makaɗan nan suna da yawan laƙabi: Richard D. James shi ne Aphex Twin, shi ne AFX, shi ne Polygon Window. A Bandcamp, ƙarƙashin kowane kundi akwai 'yan hotunan waɗanda suka saya. Taɓa ɗaya, sai ga duk abin da mutumin ya taɓa saye da kuɗinsa, wanda ya fi kowace shaida ƙarfi. Sannan ka ba abin da ka samo lokaci. Kundi ɗaya da aka ji sau uku daga farko har ƙarshe ya fi waƙa hamsin da aka ɗanɗana aka wuce.

Saura maganar kuɗi, wadda in an bar ta duk sauran zance ne. Abin da manhajojin sauraro ke biya kan kama dala 3 zuwa 5 a kan sauraro dubu, ya kuma gaza haka in daga ƙasashen da kuɗin rajista ke da arha ne, kafin kamfani da mai rarrabawa su cire nasu. Daga 2024 Spotify ya daina biyan komai a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba, wato mafi yawan waƙoƙin da ke cikinsa. A Bandcamp kuwa kashi 15 cikin ɗari ake cirewa a cinikin waƙar saukewa, 10 a na faifai da kaset da riga, saura na mai aiki ne bayan kuɗin banki. Kundi ɗaya na dala 10 kan kawo wa mawaƙi kwatankwacin abin da sauraro dubu biyu ke kawowa. A ranar 20 ga Maris 2020, da annobar korona ta rufe wuraren wasa, dandalin ya fara ware wasu Juma'o'i yana yafe kasonsa gaba ɗaya.

Su kansu waɗannan wurare ba su da tabbas. An sayar da Bandcamp ga Epic Games a 2022, aka sake sayar da shi ga Songtradr a 2023, wajen rabin ma'aikatansa suka rasa aiki. A Janairun 2024 Condé Nast ya cusa Pitchfork ƙarƙashin mujallar GQ, ya sallami editoci da marubuta. A 2019 MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015, kimanin miliyan 50, wajen sauya rumbun ajiya. Aikin samari na shekara goma sha biyu ya tafi, da yawansa babu kwafinsa a ko'ina. Wanda ya sayi waƙa ya sauke ta a na'urarsa, shi ne ya tabbata yana da ita.

Na san biyan dala da katin naira ba kullum yake yiwuwa ba, data ma ba arha take ba. Amma akwai abin da ke hannun kowa. A Kano da Kaduna da Jos da Damagaram akwai matasa da ke kwana gaban kwamfuta suna haɗa kiɗan da bai yi kama da na fim ba, bai yi kama da na Legas ba, kuma ba su da mai saka musu shi. Masu gidajen rediyon FM da suka cika garuruwanmu, ku ware ko sa'a ɗaya a mako, ku damƙa ta ga mai kunne, ku bar shi ya saka abin da ba a sani ba, ba tare da an karɓi ko kwabo daga mawaƙi ba. Kai kuma mai sauraro, in ka ji wanda ya burge ka, nemi sunan wanda ya yi shi, ka tura wa abokinka tare da sunan, in an sa ranar wasansa ka je ka biya kuɗin ƙofa.